Ranar da 'Yan Rediyo Suka Zo Makarantar su Ummi

Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Legas, ya aiki, ya Hadiza da yara? Mu nan Zandam lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Takaici ne ya sa na ɗauki biro. Ranar Talata 'yan gidan rediyo suka zo makarantar su Ummina, domin shiri a kan yara kurame. Hedimasta ya ɗauko ta daga bencin baya, inda aka yasar da ita tun aji ɗaya, ya dafa kanta ya ce wa 'yan rediyon wai makaranta ta ba ta malamin maganar hannu. Wallahi Yaya, babu shi, ba a taɓa yin sa ba. Malamin ajinsu ma allo yake fuskanta yana magana, ita da sai ta ga baki take ganewa.

Da aka saka shirin, mata suka yi ta shigowa yi mini barka. Ummi ta ja zanena tana tambaya da hannu, me aka ce a kanta? Na rasa yadda ake nuna ƙarya da hannu, sai na juya na ci gaba da tankaɗe.

Ka sa ta a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Balaraba