Siminti da Burushin Fuska

Yaya Manniru,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ƙafar Inna?

Na ji labari ya iso gida wai na koma sayen kayan kwalliyar mata. To, burushin wanke fuska ne mai caji, a Kasuwar Wuse na saya. Safe da yamma nake amfani da shi, kuma ba zan daina ba.

Aikin lodin siminti a Idu, nan Abuja, ba laifi, alhamdulillahi. Ƙurar siminti ce dai ta feso mini ƙuraje, amma suna bushewa. Kada ka gaya wa Inna.

Mai yi mini dariya ya zo ya sauke tirela guda tukuna. Ni dai fuskar da Inna ta haife ni da ita zan kawo mata da sallah.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Yahuza