Idon Inna ya tafi a takaba, yanzu ga nawa

Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, 'yata ce ke rubuta min, kuma da ita muke rigimar.

Mu 'yan Zango ne ta ƙasar Daura. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ana ta zuba kwalta, ina 'yar budurwa, ciwon yanar ido ya rufe wa Innarmu gani, ko bayi sai an ja ta. Baba ya kai ta Kano aka yi mata aiki a ido ɗaya. Da aka kwance bandeji ta ƙura masa ido ta ce, "Malam, ashe haka ka yi furfura ba ka gaya min ba?" Duk wanda ya zo barka sai Baba ya ba shi labarin yana dariya. Likita ya ce lallai ta koma a duba ɗinkin, a ba ta tabarau.

Kafin ranar ta zo Baba ya kwanta zazzaɓi, Allah ya karɓi abinsa, Inna ta shiga takaba. Idon ya yi ja, yana ruwa. Goggo, yayar Baba, ta ce ba a taɓa mai takaba ta hau mota cikin maza ba a gidansu. Liman da kansa ya aiko cewa lalura ce, ta je. Inna ta ce a bari ta fita tukuna. Ranar da ta fita takaba ni na ja ta zuwa wanka, idon ya mutu, ɗayan ma likita ya ce ya wuce aiki. Har ta koma ga Allah ba ta ga fuskar ɗana ko ɗaya ba, sai dai ta shafa. Na daɗe ina jin haushinta, wallahi, ina cewa tsoron bakin Goggo ne.

To, watan jiya aka yi min irin aikin. Maigidana ne ya raka ni, shi ke ɗiga min magani safe da yamma, yana tsokanata wai na zama amarya. Allah ya yi masa rasuwa, yau kwanansa kaɗan a ƙasa, ni ma ga ni cikin takaba. Litinin ce ranar komawata, idon kuma ya fara yaji. Ba wanda ya hana ni, 'yata kullum kuka take wai zan maimaita na Inna. Jiya na sa hijabi don in gwada, na kai zaure na ga takalmansa, ƙafata ta ƙi. Sai yanzu na gane ba Goggo ce ta zaunar da Inna ba.

Hukuncin na san shi, kada ku maimaita min. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali nake tambaya, yaya kuka yi kuka fita? Ta yaya zan bi hanyar da muka bi tare, in dawo ba wanda zai tare ni a zaure ya ce, me likita ya ce?