Na Binne Geronka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi na Ɗanzomo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Shekara shida ke nan rabona da muryarka, amma labarin nan ba ni da wanda zan ba sai kai.

Ka tuna geronka mai gajeriyar zangarniya, wanda wuta-wuta ba ta iya kayar da shi? Har yanzu ina ganinka a bakin rumbu kana zaɓen na iri, kana jujjuya kowace zangarniya kamar mai sayen akuya. In na kai hannu sai ka ce, "Hadiza, wannan ba na fura ba ne, na baɗi ne." Bayan rasuwarka gida ya koma sabon iri, naka kuwa aka daka aka sha. Abin da ya rage a duniya shi ne mudu gudan da na kai jami'a tun kana da rai, kana dariya wai boko ya rasa abin karantawa sai hatsinka.

Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin binciken da nake yi a kansa. Bana, ana tsakiyar bazara, sai takarda ta zo cewa an dakatar da kuɗin bincike sai abin da hali ya yi. Janaretan ɗakin sanyin da muke ajiyar iri ya mutu don babu mai. Na gwada 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma, na ga ƙarfinsu ya soma tafiya. Na san in bai shiga ƙasa bana ba, geronka ya ƙare.

Na yi fushi, Baba, irin fushin da kake cewa wajen Inna na gado. Da shi na shiga ofishin shugaban sashenmu, wani dattijon farfesa. Ya bari na gama zubawa, sannan ya ce, "Dakta, kuɗi dai ba mu da su, amma ba za mu zuba ido ba." Da na ji an kafa kwamiti tsaki na yi. Ashe na ɗauki alhakinsu. Suka mayar da irin geron cikin firji mai sola a wani sashe, abokiyar aikina ta karɓe mini azuzuwana, aka kuma ba ni motar jami'a da mai na kwana biyu.

Sai dai mu masu kukan da yawa ne, motar kuwa layi ake bi. Da nawa layin ya zo, sama fes take, ko alamar hadari babu.

A ƙa'idar aikinmu, sai ruwa ya jiƙa ƙasa ake shuka. Kai kuwa binne kake yi: a sari busasshen rairayi, a zuba iri, a rufe, a bar wa Allah. Na taɓa ce maka caca ce, lokacin ina ji da sabon ilimi. Ba ka yi fushi ba. Cewa ka yi, "To Malama, ki jira ruwa, ni ina jiran tsiro."

Sai ga ni na ɗauki irin na nufi gida don in yi binne irin naka. Baffa Sale, ƙanenka, shi ya riƙe sungumi a gonarka ta gabas. Ya dubi ƙwaryar ya ce, "Duka za mu zuba, 'yar nan?" Na ce duka, don wanda aka rage ba zai kai baɗi da rai ba. Yana sara ina binsa, ina zubawa ina takewa da diddige.

Kwana uku da komawata jami'a aka yi yayyafi, abin da duk mai binne ke tsoro: ya tashi iri daga barci, rana ta bi ta ƙone shi. Na kasa cin abinci. Ina ta cewa da hannuna na kashe abin da ka bari. Sai bayan mako guda ruwan kirki ya sauka.

Jiya da safe ina hawa bene zuwa aji, Baffa ya kira. Ya ce, "Hadiza, geron Yaya ya tashi. Ba duka ba, amma wallahi ya tashi." A kan matakalar na zauna ina kuka, ɗalibai na raɓawa suna wucewa, ban ji kunyar kowa ba.

Kuɗin dai har yau shiru, kuma akwai abokan aikina da nasu binciken ya mutu a hannunsu, ina jin tausayinsu ƙwarai. Amma gonarka ta yi kore, Baba, kuma ina kewarka fiye da kullum.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya kai shukar nan kaka, Ya sa duk bakin da ya ci daga gare ta ladan ya iske ka. Amin.

'Yarka mai gardama,
Hadiza