Zuwa ga Inna, a kan tsohuwar motar soja da na saya a Alƙahira

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiyarsa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, na zo ne da bayanin aiken da kika yi mini, ko da yake na makara.

Kin tuna ranar da zan taho Masar karatu? Kina ƙulle mini yaji a leda, ba ki ɗago kai ba kika ce, "In ka je, ka nemo mini inda aka binne Baba." Abin da kika sani game da shi kaɗan ne. Sunansa Audu, direba ne, ya bi sojan Turawa zamanin yaƙin Hitila, daga baya wani da ya dawo ya ce a Masar ya bar shi kwance.

A farkon 2011 kika rasu, garin nan yana cikin hargitsi, babu jirgin da zan samu. A unguwar Ainu Shams na yi miki salla daga nesa tare da 'yan ɗakinmu.

Shekara ta zagayo na ga motar. Na raka Usta Bashir ne wurin masu saran tsoffin ƙarafa a bayan unguwar Arba wa Nus. Bahaushen Sudan ne, makanike, a garejinsa nake taɓa aiki tun da na gama karatu. Tana can kurya, tayoyi sun nutse a yashi, fenti ya koma kalar ƙasa, sitiyari a dama. Mai wurin ya ce ta sojan Ingila ce, ana shirin yanka ta. Na hau na zauna a kujerar direba, na kasa sauka.

Na saye ta, Inna. Usta Bashir ya yi ta girgiza kai yana cewa, yana haɗawa da Larabcinsu na Sudan, "Khalas, ya zol, gawa ka saya." Duk da haka shi ya ja ta zuwa gareji, ya ba ta inuwa.

Na kankare tsatsa na samu lambar da ke jikin injin, na tura hotonta ga wasu masu sha'awar irin waɗannan motoci a intanet. Suka ce a tsakiyar yaƙin aka ƙera ta, kuma irinta sun yi aiki a hamadar Masar. Wanda ya tuƙa ta kuwa, babu mai iya faɗa.

Sai na bi ta baya, daga hannu zuwa hannu. Mai ƙarafa ya tura ni ga wani mai jigilar bulo, shi kuma ya tura ni wani ƙauye kusa da Isma'iliyya, inda ta yi shekaru tana ɗaukar kankana. A can na samu Ammu Hajjaj, tsoho tukuf, idanunsa sun yi fari. Mahaifinsa ne ya saye ta lokacin da Turawa suke kwashe kayansu.

Da ya ji daga inda na fito, sai ya laluba ya kama hannuna. Ya ce yana yaro yana sayar da ƙwai a bakin sansanin, kuma direbobin baƙaƙe ne irina, masu zane a kumatu. In azahar ta yi sai su shimfiɗa bargo a inuwar mota su yi salla. Ya ce akwai kalmar da suke yawan faɗa wa juna, ya yi ta nemanta. Can ya ce, "Sannu. Sannu."

Kin ji, Inna. Kalmar nan ta fi shekara saba'in a bakin mutumin da bai san ma'anarta ba.

Na tambaye shi ƙarafunan da ke jere a bangon bayan motar, masu kama da ƙugiya, waɗanda nake rataye jakar kayan aikina a kansu. Ya ce a nan ake saƙala gadajen waɗanda aka harba, hawa biyu. Daga hamada ake kwaso su zuwa asibiti. Ya ce in ta iso direban yakan sauko ya buɗe baya, wani lokaci ya tsaya ya daɗe bai kira kowa ba. Mahaifiyar Ammu Hajjaj ba ta taɓa cin kankanar da aka ɗauko a cikinta ba.

Tun daga ranar motar ta sauya mini. In na shiga bayanta da rana tsaka, garejin cike da ƙarar guduma, sai in ji shiru ya rufe ni kamar an toshe mini kunne. Wani lokaci ina ɗaure ƙusa a gaba sai in matsa gefe, kamar mai ba wani wuri, kafin in tuna ni kaɗai ne. Rabi, surukarki, ta hana yara hawa. Ban yi mata musu ba.

Ammu Hajjaj ne ya ce in je maƙabartar sojojin da ke unguwar Masar al-Jadida. Wuri ne mai ciyawa shar, duwatsu farare a jere. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na iso ɓangaren mutanenmu. Turawa ba su rubuta sunan uba ba, sunan gari suke liƙa wa mutum, wani ma ba garinsu ba ne, inda aka ɗauke shi soja ne. Na ga Audu har biyu. Babu wanda aka rubuta wa garinmu, Malumfashi.

Na tsaya tsakaninsu ban san wa zan fuskanta ba. Sai na yi sallama da ƙarfi, da Hausa. Na ce in akwai Audu direba a cikinku, wanda ya bar matarsa Hajara da ciki, to ta sauka lafiya. Mace ce. An sa mata Hauwa. Ta yi aure, ta haifi bakwai, tana da hannun tuwo, ba ta iya fushi ya kwana ba. Har ta tsufa ba ta daina tambayarka ba.



Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna. Ban samo kabarinsa ba, kuma ba ni da hujjar cewa hannunsa ya taɓa wannan sitiyari. Wataƙila ya tuƙa ta. Wataƙila a bayanta aka kawo shi. Wataƙila bai taɓa ganinta ba.

Wani mai shirya fina-finai ya zo sau biyu yana so in sayar masa, na ƙi. Iƙamata, takardar izinin zamana a nan, za ta ƙare baɗi, kuma ban san yadda zan yi da ita ba in za mu koma gida. Usta Bashir ya ce injin zai tashi kafin azumi. Yana murna, ni kuwa tsoro nake ji, don ƙarar da za ta fito ita ce ta ƙarshe da wasu suka ji a duniya.

Abin da yake kwantar mini da hankali ɗaya ne. Ke yanzu ba ki buƙatar amsata. In Allah Ya haɗa ku, kin riga ni ganin fuskarsa. Ni kaɗai na rage a nan ina tambaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki. Ya jiƙan Kaka Audu a duk inda ƙasa ta rufe shi, da waɗanda aka ɗauko a bayan motar nan, waɗanda suka isa da waɗanda ba su isa ba. Ya sada mu a inda ba a neman kowa.

Autanki,
Sani
Ainu Shams, 2015