Saƙo Na Fita, Ba Ya Shigowa

Kura, farkon Disamba, 2006

Zuwa ga Ummulkhairi,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya ruwan zafi? Ya 'yar jaririyarmu Ilham? Ki gaishe min da Inna, Allah ya saka mata da hidimar jegon nan.

Tumatirinmu ba lafiya. Ganyen yana nannaɗewa yana yin rawaya, ba a gonata kaɗai ba, har wajen mutanen Bunkure. Na ɗauki hotuna na tura wa masanin tumatirin nan na Ibadan da ya ziyarci ƙungiyarmu ta manoma bara. Adireshin imel kawai ya bar mana. Har yau shiru.

Ina zargin sauyin da muka yi. Kin san akwatin imel ɗin ƙungiya a na'urar Mudassiru yake tun farko, mijin ƙawarki Kubra. Da ɗauke wuta ya yi yawa a shagonsa, muka mai da akwatin wani kamfani a Kano. Tun daga nan saƙo na fita, amma ko ɗaya bai shigo ba. Na je kafen intanet na aika wa kaina, na dawo ofis na tayar da janareta na zauna jiran wasiƙar da ni na rubuta. Ba ta zo ba. Na leƙa kwandon shara, na sake kalmar sirri, duk a banza.

Gidan ba daɗi ba ke. Na dafa shinkafa jiya, kaji ma sun yi mata kallo ɗaya sun wuce.

Naki,
Badamasi

Kura, tsakiyar Disamba

Ummulkhairi,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Ilham da mutanen Dawaki.

Na je Kano na sami mutanen kamfanin. Sun ce akwatinmu lafiya lau yake, sai dai rajistar sunan adireshin tana hannun Mudassiru, kuma har yanzu tana nuna na'urarsa. Kamar dai mutum ya haƙa sabuwar kwata zuwa gonarsa, alhali ƙofar ruwa ta can sama tana buɗe wa tsohuwar. Shi kaɗai zai iya juyawa.

A nan gizo ke saƙar. Ashe ba wanda ya gaya wa Mudassiru mun tashi daga wurinsa. Shugabanmu Alhaji Baballe ya hana kowa, ya ce yaron kyauta ya yi mana hidima shekara da shekaru, kuma mijin 'yarsa ne, don haka shi zai yi masa magana da bakinsa. To kin san Alhaji da kunyar Fulani. Ko sunan Mudassiru ba ya kamawa. Sun haɗu a masallacin Juma'a, wannan ya durƙusa ya sunkuyar da kai, wancan ya kau da fuska yana ta lafiya lau, lafiya lau, suka rabu.

Na nemi izini in je da kaina, ya ce in ƙara haƙuri. Ina ta haƙuri, cutar kuwa ta ci kusan rabin gonata. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Kullum da safe sai na tsaya a bakin kwata ina kallon sababbin layukan da suka kamu.

Mijinki,
Badamasi

Kura, ƙarshen Disamba

Uwar Ilham,

Ina gaishe ki da kyau. Direba ya kawo takardarki da yajin jegon, na gode.

Na bi shawararki. Ban taka maganar Alhaji ba, ban je wurin Mudassiru ba. Ƙanwata Zuliha na aika wurin Kubra da saƙonki, Kubra ta gaya wa mijinta a kan tuwon dare. Washegari ya juya abin kafin shayinsa ya huce, ya kuma zo ofis da kansa da tsofaffin saƙonninmu a faifai.

Ya ce tun makon farko ya lura ba ma buɗe akwatin, ya gane mun ƙaura, ya ga saƙonni na taruwa. Bai buɗe ko ɗaya ba, don ba nasa ba ne. Bai kuma iya tayar da maganar da surukinsa bai tayar ba. Ko kaɗan bai ji haushi ba. Na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Amsar mutumin Ibadan tana ciki. Ranar da na tura hotunan ya rubuto ta. Ya ce farin ƙuda ke yaɗa cutar, mu tumɓuke duk wanda ya kamu mu ƙone nan take, mu yi wa sauran feshi, kada mu jinkirta.

Jiya muka tumɓuke. Na mutanen Bunkure da dama ya tsira. Nawa, ban da layukan bakin hanya, babu abin da ya rage. Alhaji ya zo ya taya ni tara su. Da zai tafi ya tsaya ya ce, "Badamasi, ka yafe ni." Na ce ba komai, haka Allah ya so.

Yanzu saƙo na shigowa kamar ruwa, yawanci na masu talla.

Idan kun yi arba'in za ki dawo, ki roƙi Inna ta ɗaura miki busasshen tumatir. Bana a gidan manomin tumatir saye za mu yi.

Naki har kullum,
Badamasi