Baƙin Doki, ba Bakin Doki ba

Zuwa ga Baffana, Injiniya Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana raye ma ba za ka karanta ta ba sai ka fara ɗauko jan biro ka gyara mini rubutu. To yau babu mai gyara ni, kuma akwai magana a cikina, sai ka yi haƙuri da ni.

Baffa, wane irin aiki ne ka tafi ka bar mini?

Bari in fara da labarin gida kada ka ce ban da tarbiyya. Hajiya ta fita takaba lafiya, sai dai ƙafa. An kafa allon sayarwa a ƙofar gidanka na Withington, za ta koma wajen ɗanka Faruk. Matata Zainab ciki ya tsufa, amma kullum tana uni, wato jami'a. Ni kuwa ina nan inda ka bar ni, a kicin ɗin nan na Rusholme, ina yanka albasa, in fito in tsaya jiran bas ɗin Gorton cikin ruwan sama.

Saura gareji. Ka san abin da ke ciki: layin dogon Kano zuwa Nguru da ka shekara da shekaru kana ginawa a kan tebur, tashoshi kamar akwatin ashana, dalar gyaɗa da ka yi da ƙwayar riɗi, da baƙin kan jirgin nan irin wanda mahaifinku Malam Habu ya tuƙa. Faruk ya ce dole a kwashe kafin masu sayen gida su shigo. Ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Birmingham, waɗanda ka yi wa alkawarin kai shi baje kolinsu, sun ce in ya zo a kammale za su riƙe shi a ɗakinsu. In bai zo ba, Faruk ya riga ya nemi lambar council ta masu kwasar tarkace. Ban ga laifinsa ba. Flat ɗinsa ko keken yara da ƙyar yake ɗauka.

A asibiti ka riƙe hannuna ka ce abu ɗaya ya rage, a sa wa kan jirgin sunansa, Baƙin Doki, da farin rubutu, gefe da gefe. Na ce to. Me ya kai ni cewa to? Na ɗauka sitika ce. Na san, na san, ba ka son a ce sitika, dikal ake cewa. Ka sha nuna mini: takarda ce ta musamman, a buga rubutu a kanta, a jiƙa a ruwan ɗumi, wata fata siririya kamar ta albasa ta zame da rubutun, a ɗora a jikin jirgi da burushi. Na ga kana yi kana waƙa. Na ce wannan ai aikin yamma ɗaya ne.

Abin da ba ka gaya mini ba shi ne firinta ba ta san fari ba. Na zauna gaban kwamfutarka da yatsa ɗaya, na rubuta sunan, na mai da shi fari, na danna. Takarda ta fito fes, babu komai. Na sake. Na girgiza tawada, na hura ƙura, na kashe na kunna. Sai da Zainab ta gama dariya sannan ta ce mini firintar gida ba ta da farar tawada, a wajenta fari shi ne duk inda ba ta taɓa ba. Kai injiniya ne, Baffa. Ka san wannan. Me zai hana ka faɗa mini tun kana da numfashi?

Na sayo farar takardar dikal, na buga baƙi kewaye da haruffan don farin ya fito a tsakiya. Na farko na manta ban fesa masa abin da ke riƙe tawada ba, ina tsoma shi a ruwa kofin ya koma kamar rijiyar marina. Na biyu ya tsira daga ruwa, amma da na ɗora sai na ga ashe baƙi ma iri-iri ne. Na firinta daban, na jirginka daban, ga farin baki a kewaye kamar an manna wa jirgi filasta a ciwo. Na ɓare shi a hankali ina salati kada fenti ya biyo.

Daga nan wani ɗan ƙungiyar ya haɗa ni da Mista Kolin, wani dattijon Bature a Birmingham mai injin da ke buga fari. Na tura masa sunan ta waya da duk awon da ka rubuta a jikin akwatin. Ambulan ya iso, na buɗe a teburin Hajiya, na ɗauko gilashinka mai ƙara girma. Fari tas, haruffa kamar an zana da allura. Na karanta: BAKIN DOKI.

Ƙugiyar harafin ƙ ta tafi, Baffa. Dokin Malam Habu ba baƙi ba ne kuma, bakinsa kawai ya rage, da leɓe da haƙora.

Hajiya ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi, kuma ita ce dariyarta ta farko tun rasuwarka, don haka ban ji haushinta ba. Faruk ya duba ya ce, rabi da Hausa rabi da Turancin Manchester, wa zai gani, harafin bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma kowa ma haka yake rubutawa a waya. Gaskiya ya faɗa. Ni kaina ban taɓa neman ƙugiya a waya ba sai ranar da na tura sunan nan. Amma ya manta wane ne ubansa. Ba kai ne ka sa aka sake buga katin bikinsa ba saboda an rubuta daurin aure maimakon ɗaurin aure? Ta yaya zan kai Bakin Doki gaban jama'a da sunanka a jikin tebur?

Ranar hutuna na naɗe kan jirgin a safa, na sa a robar abinci, na hau bas zuwa Birmingham. Ka san Turancina, na kicin ne. Na tsaya a shagon Mista Kolin ina nuna baƙar rigata, ina nuna bakina, ina maimaita kalmomin biyu. Bawan Allah ya kasa kunne da gaske, ya ce shi duk abu ɗaya yake ji. Ya gwada faɗar ƙa, ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa. Ashe salon haruffan da yake aiki da shi ba shi da harafin namu, injin ya ga baƙo sai ya sa wanda ya sani. Na zana masa ƙugiyar a takarda, ya zana ta a kwamfuta, na ce ta yi tsawo, ya rage, na ce ta yi kamar jelar ɓera, ya gyara. Mutum ne mai haƙuri, Allah ya shirye shi. Muka buga. Ya fito yadda da ka gani sai ka ce madalla ba tare da ka ƙara da amma ba.

Da na tsaya nan da yanzu ban rubuto maka ba. Sai na ce tunda na shigo gari, bari in je in gai da yayarka Goggo Asabe.

Na same ta a falo kusa da hita, ƙafafu cikin bargo. Na buɗe robar na ɗora mata kan jirgin a tafin hannu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna inda Malam yake zama, da inda yake rataye butarsa, da inda ake zuba kwal. Na ji daɗi, na fito da rubutun ina taƙama, na ba ta gilashi. Ta duba ta tambaye ni wannan rubutun nasara na mene ne.

Baffa, Malam Habu bai taɓa rubuta sunan nan da boko ba. Goggo ta ce a lokacin ko sa hannu da boko bai iya ba. Da alli yake rubutawa, da ajami, da hannunsa, a gefen da yake zama, duk ranar da zai tashi, bayan ya yi bisimilla. Ruwa ya wanke, ya sake. Baturen da ke kansu ya sa a goge, ya sake. Ta ce kai a lokacin a bayanta kake in an je tasha kai masa abinci, ba ka san alif ba balle A. Farin ka gani, sunan ka ji, sauran ka cike da kanka bayan ka girma.

Ina tambayar ka, Baffa. Ka auna faɗin layin dogo, ka nemo hotunan tashar Ringim, ka ƙirga tagogin tarago, ka hana mu kiran abin nan kayan wasa. A duk shekarun nan ba ka taɓa tambayar yayarka ba? Tana nan Birmingham, tafiyar da ake yi a dawo a yini. Ta ce duk Juma'a kuna waya, ba ku da zance sai hawan jini da abin da likitan GP ya ce. Na tambaye ta me ya sa ita ba ta faɗa maka ba, ta ce ai ba ka tambaya ba. Ku biyun nan, Allah ya sani, jini ɗaya ne.

A bas ɗin dawowa na rasa wanda zan bi, kai ko Malam. Sai na tuna kalmarka. Cewa ka yi farin rubutu, gefe da gefe. Ba ka ce boko ba. Kuma layinka zagaye ne, in jirgi ya nufi Nguru gefe ɗaya ake gani, in ya juyo Kano ɗayan. Na ce to shi ke nan, kowa ya ɗauki gefe.

Ajami dai ba sai an koya mini ba, shi ne karatun da na yi. Na fiƙe alƙalami, na rubuta shi babba a farar takarda, babu wasali, don Goggo ta ce Malam ba ya sawa. Har na ji sanyi a raina, don a nan babu mai rikita ƙaf da kaf, kowanne da kamanninsa. Zainab ta ɗauki hoton, Mista Kolin ya ƙanƙanta shi ya buga ya aiko, baje koli saura kwanaki kaɗan.

Na sa gilashi. Babu ɗigon ƙaf. Ɗigon harafin farko, wato ba, ya tsira don ya matso jikin harafinsa, amma na ƙaf da ke sama shi kaɗai, Mista Kolin ya ɗauka datti ne a hoton, ya goge mini shi don kyautatawa. Har ya rubuta a ambulan cewa ya tsabtace. Harafin ya zama ba ƙaf ba, ba fa ba, maraya. Na ajiye gilashin na fita lambun da ke bayan gidan na tsaya ina kallon shinge. Wallahi da kana kusa da ka ji abin da ban taɓa gaya wa babba ba.

Babu lokacin sake aikawa. Na shafa wa gefen jirgin abin sheƙi don kada iska ta maƙale a ƙarƙashi, na jiƙa, na zamar, na daidaita da burushi ina riƙe numfashi, na matse ruwan da auduga. Boko a gefe guda da ƙugiyarsa, ajami a gefen Malam. Da ya bushe na ɗauko allurar Hajiya, na taɓa bakinta a farin fenti, na ce bisimilla, na ɗiga.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ni jirage ba su dame ni ba, Baffa. Duk Lahadin da nake zuwa gareji, tuwon Hajiya nake bi, da kuma jin mutum yana Hausa daga farkon magana har ƙarshenta. A garin nan duk wanda na gaisa da shi likita ne ko mai digiri, tambaya ta biyu ita ce me na karanta. Kai ba ka taɓa tambaya ba. Ka dai kalli yadda na ɓare lemo ka ce hannuna ba ya rawa, ka miƙo mini burushi. Ban ce na gode ba, don na ɗauka aiki ka sa ni. Na gode.

An yi baje kolin ranar Asabar. Faruk da kansa ya tuƙa motar kayan, kuma na gan shi yana gaya wa wani Bature cewa kakansa ne direban. Jirgin ya zagaya bai sauka daga layi ba. Ƙungiya ta karɓe shi, ba zai ga motar council ba. Aka turo Goggo a keke, na tsayar mata da shi a tashar Kano, na ba ta gilashi. Ta karanta da ƙarfi, daga dama zuwa hagu, da ƙa ɗinta cikakkiya. Ta ce ɗigon ya yi kauri kuma ya karkace. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ta ce haka na Malam yake, don jirgi na rawa yake ɗigawa.

Sannan ta kalli taragun gyaɗarka ta ce ai su ma duk da rubutun alli a jikinsu, kuma tana tune da wasu. Mista Kolin yana tsaye a gefe, ya ciro biro. Taragun nan ka san yawansu, kai ka saye su.

Na ce to, Baffa. Na sake cewa to.

Allah ya jiƙan ka, ya haɗa ka da Malam Habu. In kun gamu, don Allah wannan karon ka tambaye shi.

Ɗanka mai yanka albasa,
Nuhu, daga Gorton