Jakar da Ka Aiko

Ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya zafin Diffa? Da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Inna da maiɗakinka lafiya lau, in ban da 'yarka Hadiza.

Akwai wani fim da yara suke kallo a tele, na iyalan da aka bari a gida lokacin yaƙi. Ni na ce a ƙyale su, ya fi yawon rana. Ashe a cikinsa, duk uban da ya mutu, soja ne ke kawo jakarsa gida.

Ranar Laraba sai ga abokinka cikin kaki, rungume da jakar tsarabarka. Hadiza ta ƙwalla ƙara ta faɗi. Na zazzage dabino da takalma a gabanta, na rantse kana raye, ta ce, "Gwaggo, haka ake ce wa yaran." Kwana uku ke nan, ko kunu sai da ɗura.

Ni da ke sayar da atamfar bara da sunan sabon yayi, na kasa shawo kanta. Don Allah nemi inda akwai rezon waya, ko bisa icce ne, ka kira ta ji muryarka.

Ka gaida abokin naka, ba laifinsa ba ne. A sa Hadiza a addu'a.

Yayarka,
Rabi
Matameye